Maharbin da ke zuwa da layar zana: ƙa'ida gare shi ko mutunci?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka sam mini fili in bayyana ra'ayina a kan wata gardama da ta kaure a ƙofar gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, wadda da farko na ɗauke ta shiriritar samari, amma da na kwana da ita a raina sai na ga ta isa a rubuta. Gardamar a kan dodon nan ne na fina-finan Predator, halittar da aka ƙaga cewa tana saukowa daga wata duniya domin ta farauci mutane, kuma abin da ake ja a kai shi ne ko wannan maharbi yana da mutunci a cikin farautarsa, kamar yadda masoyansa suke yayatawa.

Ɗan ƙanwata ne ya tayar da maganar. Na fito bayan sallar isha'i na iske shi da abokansa biyar sun kewaye ɗan kaskon gawayi suna dafa shayi, kawunansu duk sun haɗu a kan waya guda, kuma da na tambayi abin da ya ɗauke musu hankali har ba su ji sallamata ba, sai ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce: "Kawu, wallahi wannan halittar ta fi mutanen yanzu da yawa mutunci. Ba ta taɓa mace mai ciki, ba ta taɓa yaro, kuma ba ta kashe wanda ba ya riƙe da makami." Sauran suka ce ƙwarai kuwa, wani ma ya ƙara da cewa da 'yan fashin hanya za su koyi rabin wannan tarbiyya, da matafiya sun huta. Na ce masa: "Ɗana, zuba mini shayin tukuna, domin wannan fim na girme ka da saninsa."

Gaskiya na faɗa masa. Fim na farko ya fito a 1987, John McTiernan ne ya ba da umarninsa, Arnold Schwarzenegger kuma ya fito a matsayin Dutch, shugaban wata 'yar rundunar sojoji da aka tura dajin Amurka ta Tsakiya. Mu kuwa sai bayan wasu shekaru ya iso mana a kaset, a wani gidan bidiyo na unguwa mai bencinan katako da janareta da ke tari a bayan ɗaki. A ƙofar gidan an rataye buhun fulawa da aka warware aka zana dodon a jiki da fenti, kuma mai zanen ya ƙara masa haƙora da jini fiye da abin da ke cikin fim ɗin, kamar yadda masu zanen fastar Ghana na wancan zamani suka saba. Ina iya tuna yadda ɗakin ya yi tsit lokacin da Dutch ya rarrafo daga ruwa jikinsa duk taɓo, dodon ya zo ya tsaya kusa da shi yana waige-waige bai gan shi ba, saboda shi zafin jiki yake gani, taɓon kuwa ya rufe zafin. Wani dattijo da ke bayana ya dafa kafaɗata ya ce a hankali: "Buloman ya samu laƙani," wato jarumin fim ɗin. A wannan dare babu wanda ya fita yana cewa dodon mai mutunci ne. Wannan magana daga baya ta zo.

Ba zan zalunci samarin ba, domin hujjojinsu suna nan a cikin fina-finan, kuma wanda zai yi gardama ya kamata ya fara kawo hujjar abokin gardamarsa cikakkiya. A fim na farko dodon ya kashe soja a gaban Anna, matar da sojojin suka kama, ya bar ta da rai. A ƙarshe kuma ya cire kwalkwalinsa da bindigar kafaɗarsa ya fuskanci Dutch hannu da hannu. A fim na biyu, na 1990, wanda labarinsa ya faru a birnin Los Anjeles cikin tsananin zafi na shekarar 1997, ya auna wani yaro a maƙabarta, ya gane bindigar hannunsa ta roba ce, ya ƙyale shi. Sannan a jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ɗaga 'yar sanda Leona sama, ya hango ɗan tayi a cikinta, ya ajiye ta. A fim ɗin 2004 da aka haɗa su da waɗansu dodanni, ya duba ƙirjin attajirin nan Weyland ya ga cuta ta cinye huhunsa, ya yar da shi ya wuce, sai da tsohon ya cinna masa wuta ta baya sannan ya juyo ya kashe shi. A Prey na 2022 kuma, wanda ya koma da labarin shekarar 1719 cikin ƙabilar Komanci, ya iske yarinya Naru ƙafarta a tarko ya tafi ya bar ta. Duk wannan ya nuna akwai ƙa'ida, kuma ban musa ba. Abin da na musa shi ne a kira ƙa'idar mutunci, alhali fina-finan da kansu sun faɗi dalilinta ƙarara.

A duba maganar Anna. Dutch da bakinsa ya bayyana mata abin da ya sa aka bar ta: ba ta da makami, saboda haka kashe ta ba shi da daɗin wasa. Shi ya sa daga baya, da ta kai hannu za ta ɗauki bindiga, ya shure bindigar daga hannunta. Wato abin da ya tsirar da ita shi ne ƙoƙon kanta ba shi da daraja a bangon da maharbin yake jera kawuna. Haka tsoho Weyland: rago ne mai ciwo, wanda mai saye ya buɗe bakinsa ya duba ya ture shi gefe. Naru ma ta gane hakan, har ta gina dabararta a kansa, domin ta fahimci cewa raini ne ya sa bai kula ta ba, kuma da rainin ta ci shi. Mutumin da ya ƙyale ka saboda ya ga ba ka kai ya ɓata makaminsa a kanka ba, za ka yi wa Allah godiya da ka tsira, amma ba za ka je gidansa washegari ka yi masa ban-gajiya ba.

Sai kuma yadda yake yin kisan ga waɗanda ya ga sun isa. Wannan maharbi yana zuwa ne da abin da mu muka sani da layar zana: yana ɓacewa daga gani, ya hau bishiya, yana kallon zafin jikin mutane kamar garwashi a cikin duhu, yana naɗar muryoyinsu domin ya yaudare su da ita, a kafaɗarsa kuma ga bindigar da ke saita kanta da ɗigo uku ja. Da haka ya harbe Blain, ƙaton da ke riƙe da babbar bindiga, ba tare da mutumin ya ma san daga ina mutuwa ta zo masa ba. Poncho kuwa gungume ya riga ya buge shi a ƙirji, ba ya iya tafiya sai an tallafe shi, kuma a hannun Dutch yake lokacin da aka fasa masa kai daga nesa. Na tambayi samarin: in ƙa'idar ta hana kashe mai rauni, ina ta shiga a wannan lokaci? Suka ce ai yana da makami. To, in riƙe makami kawai shi ne sharaɗi, ashe fasinjojin jirgin Los Anjeles da suka zaro 'yan bindigoginsu don tsoron 'yan daba, ya bi su cikin duhu ya karkashe, su ma sun cancanci abin da ya same su ke nan, alhali ba su san da zuwansa ba, ba su kuma neme shi da faɗa ba.

Nan ne nake ganin gindin maganar yake, kuma damben gargajiya ya ishe mu misali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san cewa ba a jawo mutum daga cikin 'yan kallo a ce sai ya yi. Ɗan dambe yana fitowa da ƙafarsa, ya ɗaure hannunsa a gaban kowa, makaɗi ya kira sunansa, ya zagaya fili ya nemi tsaransa, kuma wanda aka nema yana da ikon ya ce ba ya yi. In aka buge mutum ya kai ƙasa, wasa ya ƙare, ba a bin sa a ƙasa, har ma sau da yawa wanda ya yi kisan shi ke miƙa hannu ya tashe shi. Dokar a fili take, su biyun sun san ta tun kafin su shiga, kuma jama'a suna nan a matsayin shaidu. Shi kuwa dodon Predator dokarsa a cikinsa take. Ba ya sanar da kowa, ba ya neman yardar kowa, kuma Dutch bai gane ta ba sai da ya ƙirga gawarwakin abokansa. Dokar da gefe ɗaya kaɗai ya sani, shi ya kafa ta, shi ke fassara ta, shi ke yanke lokacin da za ta yi aiki, ba ta ɗaure shi da komai ba face abin da ya ga dama.

Cire kwalkwalin da ya yi a ƙarshe shi ne abin da ya fi burge samarin, kuma na yarda wuri ne mai kyau a fim, ni ma gashin jikina ya tashi a ranar. Amma a tuna abin da ya gabace shi. Ya riga ya shaƙe Dutch da hannu ɗaya ya manna shi da bishiya, ƙafafunsa suna lilo, ya juya kansa dama da hagu yana duban ƙashin, daidai yadda mai sayen ragon layya yake duba ƙaho da haƙori a kara, sannan ya sake shi ya ja da baya ya fara kwance kayansa. Kevin Peter Hall, wanda ya shiga cikin rigar dodon, tsawonsa ƙafa 7 da inci 2 ne, kuma halittar da ya fito a matsayinta tana ɗaga ƙato kamar jariri. Wanda ya ajiye bindiga bayan ya tabbata hannunsa kaɗai ya isa, me ya sadaukar? Abin da ya biyo baya ma duka ne kawai, Dutch yana rarrafe yana tofar da jini, kuma ba don tarkon gungumen da ya ɗana tun da fari ba, da ƙoƙon kansa ya hau bango.

Maganar mace mai ciki ita ce na fi daɗewa a kanta, saboda ta taɓa wani abu a gidanmu. Kakana na wajen uba maharbi ne a ƙuruciyarsa, a dazuzzukan wajen Ejura, kafin ya dawo Kumasi ya kama sana'ar goro. Na riske shi tsoho, adakarsa tana jingine a lungun ɗaki an toshe bakinta da tsumma, rigarsa ta layu kuma tana rataye ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Abin da muka sani a gida shi ne ba ya cin naman gada, ko an kawo tsaraba sai ya ture kwanon. Sai da na girma ya gaya mini dalili. Wata rana da asuba ya harbi gada, da ya je ɗauka sai ya ga hantsarta cike da nono, yana ɗiga a kan ganye. Ya ce ya ajiye bindiga ya yini yana neman ɗan a cikin ciyawa, washegari ya koma, bai same shi ba. Lokacin da yake ba ni labarin shekaru sun fi hamsin da faruwar abin, amma ya sunkuyar da kai yana murza carbi, ya ce: "Jikana, ban duba ba ne. Da na dakata kaɗan da na gani."

Ba zan ce maharbanmu duk don tausayi suke barin mai ciki da mai shayarwa ba. Akwai lissafi a ciki, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma hukuma ma da wannan lissafi take aiki: a Ghana an hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da namun daji suke ɗauke da ciki ko suke renon 'ya'ya, in ban da gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie, shi ma sai da lasisi. Doka ce mai kyau, amma ba wanda zai ce an kafa ta ne don girmama gada. An kafa ta ne don kada Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, ta wayi gari babu nama. Barin Leona da dodon ya yi irin wannan ne, makiyayi ne da ba ya yanka saniya mai ciki. Abin da ya raba shi da kakana shi ne kunya. Tsohon ya karya ƙa'ida bisa kuskure, ba wanda ya gan shi, ba wanda zai hukunta shi, amma ya ɗauki nauyin abin har kabarinsa, saboda yana ganin dabbar tana da haƙƙi a kansa. A wurinmu mutunci da kunya tare suke tafiya, kuma a duk waɗannan fina-finai da na lissafa ban ga inda maharbin ya ji kunyar wanda ya kashe ba. Fatarsu yake feɗewa ya rataye su ƙafa a sama, ya zare ƙashin baya haɗe da kai, ya zauna yana goge shi har ya yi ƙyalli.

In kuma ana son a san nauyin da ya ba ran matar da ɗan cikinta, sai a duba abin da yake yi in ya ga an ci shi. A fim na farko, da gungume ya danne shi, ya danna na'urar da ke wuyan hannunsa, ya fashe da dariyar da ya kwaikwaya daga Billy, ɗaya daga cikin waɗanda ya kashe, bam ɗin kuma ya share daji mai faɗi. A na biyu ya sake danna irin wannan na'ura yana rataye a jikin bene a tsakiyar Los Anjeles, kuma da ɗan sanda Harrigan, wanda Danny Glover ya fito a matsayinsa, bai datse masa hannu da faifansa mai kaifi ba, da unguwanni sun tashi da matansu masu ciki da yaransu masu bindigar roba. Masu kare shi suna cewa yana yin haka ne don kada fasaharsa ta faɗa hannun mutane. Ko da an karɓi wannan uzuri, ma'anarsa ita ce asirin kayansa ya fi masa rayukan duk waɗanda ya yi ta tsallakewa, dariyar kuma ba ta da wani uzuri. Wannan shi ne a fasa kowa ya rasa, halin yaron da aka ci shi a dara ya watsa ramukan da ƙafa.

Ya kamata kuma a san inda marubutan suka samo wannan ƙa'ida, domin ba daga sama ta faɗo ba. Jim Thomas da John Thomas, 'yan'uwan da suka rubuta fim na farko, sun tashi ne a Amurka, ƙasar da ke da tsohuwar al'adar farautar nishaɗi. A 1887 Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, wadda ta shahara da abu biyu: koyar da abin da suke kira farauta ta adalci, da kuma ajiye kundin auna ƙahoni da kawunan namun da aka kashe. Biyun a haɗe suke, domin kan da aka samu ta hanyar da ba ta bi ƙa'ida ba ba ya shiga kundi. Shi wannan Roosevelt, bayan ya sauka daga shugabancin Amurka, ya zo Gabashin Afirka a 1909, kuma shi da ɗansa Kermit sun kashe namun daji 512 a wannan tafiya. A 1924 Richard Connell ya rubuta gajeren labarin The Most Dangerous Game, inda wani janar da farautar dabbobi ta gundure shi ya koma farautar mutane a tsibirinsa, yana ba su wuƙa da tazarar gudu, yana kuma ɗaukar kansa cikakken mai tarbiyya. Dodon Predator jikan wannan janar ne, an dai ƙara masa tsawo da jirgin sama. Sunan Yautja da samarin ke kiransu da shi, tare da yawancin bayanin dangoginsu da dokokinsu, daga baya ya shigo, ta littafin da Steve Perry da 'yarsa Stephani Perry suka fitar a 1994 da kuma mujallun zane, wato bayan da kasuwa ta nuna cewa mutane suna son dodon kansa, kuma dodon da ake so dole a nema masa hali. Duk da haka fim ɗin 2004 bai ɓoye komai ba: ya nuna su suna zuwa duniya kowace shekara 100, mutane suna bauta musu, su kuma suna karɓar mutanen a matsayin hadaya domin a ƙyanƙyashe dodannin da samarinsu za su gwada jarumta a kansu. Waɗannan da aka kwantar a kan duwatsun hadaya ba su riƙe da makami.

Mu da muka zauna gaban malamai a zaure muna da ma'auni a hannu tun kafin a ƙirƙiri sinima. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zangunanmu har gobe, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi, ya hana yi wa gawa kaca-kaca ko a fagen yaƙi, ya kuma ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wannan hukuncin dabba ke nan, balle ɗan Adam. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan dokoki suna kallon wanda wuƙa za ta hau kansa, suna rage masa azaba, suna tsare masa daraja ko bayan ya mutu. Dokokin Yautja kuwa suna kallon mai wuƙar, suna tsare masa sunansa a gaban danginsa. Ko a wajen addininmu, a nan Ghana, mutanen Winneba suna da bikin Aboakyer a farkon watan Mayu, inda ƙungiyoyin asafo biyu, Tuafo da Dentsefo, suke shiga daji su kamo mazo da ransa da hannu, ba bindiga. Ba al'adata ba ce, kuma mazon ma yanka shi ake yi a ƙarshe, amma in ana neman maharbin da ya ajiye fifikonsa tun kafin ya shiga daji, ga su nan a bakin teku, ba sai an je wata duniya ba.

Da shayi ya zo zagaye na uku ɗan ƙanwata ya fito da hujjarsa ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙarfi. Ya ce: "To Kawu, bindigar fa?" Yana nufin ƙarshen fim na biyu, bayan Harrigan ya kashe maharbin a cikin jirginsu, sauran suka bayyana suka kewaye shi, kowa ya ɗauka tasa ta ƙare, amma suka ɗauki gawar ɗan'uwansu suka juya, dattijonsu kuma ya jefa masa wata tsohuwar bindigar hannu mai ƙyastu, an zana a jikinta sunan Raphael Adolini da shekarar 1715. Ya ce wanda ba shi da mutunci ba ya yi wa wanda ya kashe ɗan'uwansa kyauta. Na daɗe ina ganin haka ni ma, ko da yake jirgin ya tashi nan take ba tare da an jira baƙon ya fita ba, har sai da ya sha da ƙyar daga wutar injin.

Amma masu fim ɗin sun koma sun ba bindigar tarihi, kuma tarihin bai taimaki samarin ba. A Prey, shi Raphael Adolini, tafintan 'yan Faransa masu ɗana tarko, shi ya ba Naru ita a 1719 lokacin da ƙafarsa ta guntule yana neman ta yi masa magani. Da ita ta harbi dodon a ƙeya, ta kashe shi da dabararta, ta koma wa mutanenta da kansa a hannu ɗaya da bindigar tare da ita. Ta ci wasan a kan duk wata ƙa'ida da ake jingina musu. Zanen da ke rufe fim ɗin sai ya nuna jiragensu suna saukowa a kan ƙauyen. A 2025 Dan Trachtenberg, wanda ya yi Prey, ya fitar da Killer of Killers, fim ɗin zane mai motsi, inda aka ga abin da ake yi wa waɗanda suka yi nasara: wata jaruma daga mutanen Viking na arewacin Turai, da wani mayaƙi ɗan Japan, da wani matuƙin jirgin yaƙi na Amurka, kowannensu ya kashe maharbi guda a zamaninsa, aka sace su, aka daskarar da su, aka tashe su a wani fili da ƙarfen bam a wuya, aka ce su kashe juna. Makamin da aka miƙa wa matuƙin jirgin a wannan fili ita ce bindigar Adolini. A ƙarshen fim ɗin kuma, cikin jerin akwatunan da aka adana mutane, ga Naru kwance.

Na ce wa yaron ya nemo wannan wuri a wayarsa ya nuna wa abokansa. Ya nemo, suka kalla sau biyu, ɗayansu ya ce ai waɗannan wani dangi ne daban, ba su ne masu bin doka ba. Mai yiwuwa wannan ce amsar da wasu masu karatu za su aiko da ita, kuma zan so in karanta ta a wannan shafi, muddin mai rubutun zai bayyana mini ta wace hanya bindigar yarinyar ta kai ga ɗamarar dattijon da ya yi kyauta da ita a 1997.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu,
Aboabo, Kumasi.